Rufin da Aka Hana Taɓawa

Ranar Asabar ɗin makon jiya wani bawan Allah mai hatimi a hannu ya dube ni ido cikin ido ya ce in je in kawo masa shaidu biyu cewa iska ta taso a Madina. Na ɗauka wasa yake yi, har na fara murmushi don in taya shi. Da na ga fuskarsa ba ta motsa ba sai na mayar da haƙorana inda suke. Iskar da yake neman shaidarta ita ce wadda ta karya dabinai, ta kwashe allunan kantunan titin Sultana, ta ɗauke rabin kwanon gidana ta kai shi inda har yau ban samu labarinsa ba. Shi kansa mai tambayar, tagar da ke bayansa kwali ne a liƙe, don gilashin ya bi iskar tun ranar.

Na nuna masa tagar da yatsa. Ya waiga ya dube ta a natse, ya juyo ya ce, "Wannan tagar kamfani ce, ya hajji. Mu'amalarta daban."

Ga masu karanta ni daga gida, mu'amala ita ce tarin takardun da ake buɗe wa mutum a ofis, ita tana ƙiba shi yana ramewa. 'Yan'uwa na aiko mana da wasiƙu daga Kano suna kukan layin mai. Ni dai na ce ku gode Allah. Ku in kun kai gaban layi akwai ranar da za a zuba muku wani abu a tanki. Mu nan mai ba ya yanke mana, amma in ka kai gaban layinmu abin da za a zuba maka a kunne kalma ɗaya ce, bukra, wato gobe, kuma da ita za ka tuƙa ƙafarka zuwa gida.

Bari in koma baya kaɗan don kada in bar ku a hanya. Ni ne dai Ɗanmusanku, direban motar kayan alhazai a filin jirgi. Gidana yana bayan Anbariyya, gidan bulo ne da mahaifina ya bari, da ɗaki guda a sama mai rufin kwano. A ɗakin nan maiɗakina Innayatu take ajiye kekenta na ɗinki, nan take yi wa matan unguwa riguna. Bara wani mutum mai farar riga da ƙamshin turare ya same mu a wurin aiki muna shan shayi, ya yi mana bayanin inshora, wadda a nan ake ce wa ta'amini. Ya ce ka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba duk shekara, in gobara ta tashi ko hadari ya yi maka ɓarna, kai dai ka kwanta ka miƙe ƙafa, kamfani zai yi sauran. Ya raba mana kalanda da biro. Abokan aikina suka karɓi biro suka yi masa godiya suka koma kan shayinsu. Ni da nake ganin na fi su wayewa, na ce rigakafi ya fi magani, na sa hannu. Wani ɗalibin jami'a da muke sallah tare ya ja ni gefe ya ce malamai sun yi saɓani a kan wannan abu. Na ce to, kafin su daidaita bari in shiga in tare wuri.

Mutum ɗaya ne ya yi mini dariya a fili, Baba Rabo. Katanga ɗaya ta raba mu da shi. Kafinta ne, Bagobiri, kun kuwa san Gobir gidan faɗa. Tare da mahaifina suka taho da ƙafa ta Sudan suna samari, tare suka yi dako, tare suka yi aure, shi ya saka mahaifina a kabari, kuma shi ya buga kwanon ɗakin saman nan da hannunsa. Tun rasuwar tsohona kullum bayan Magariba yakan fito da kujerarsa ƙofar gidana mu sha shayi, ya zage ni a kan yadda nake tuƙi, ya zage ni a kan yadda nake haɗa shayin, sannan ya tafi ya kwanta da daɗin rai. Da na nuna masa takardar kamfani mai zanen zinariya a gefe, ya juya ta gaba da baya ya miƙo mini.

Ya ce, "Kai ɗan nan, mu mi munka zama, da za ka tafi Sultana ka sayo maƙwabta?"

Na ce masa zamani ne ya zo da haka. Ya ce to Allah shi bar mu da zamani.

Ranar da abin ya faru, bayan La'asar ne hadari ya haɗo ta wajen dutsen Uhudu. Kun san mu da ruwan sama a garin nan, baƙo ne mai wuyar gani. Yara suka fito suna tsalle, tsofaffi suna tara hannu suna shafawa a fuska. Ana cikin murna ƙanƙara ta fara sauka, iska ta biyo bayanta. Ina zaune a ƙasa na ji wata ƙara a sama, Innayatu ta sauko da gudu rungume da yadin mutane, ta ce mini ɗakinta ya zama fili.

Ruwan bai gama ɗaukewa ba na ji sallama a ƙofa. Baba Rabo ne a gaba da jakar kayan aikinsa, bayansa mazan unguwa, wannan da tsani, wancan da katako, wani ya ciro ragowar kwanon da ya ajiye don rumfar awakinsa. A unguwarmu ba a jira a kira mutum. Iyayenmu sun baro ƙasa da dangi, abin da suka iso da shi Madina bai wuce sanda da buta da wannan ɗabi'a ta gayya ba: in abu ya faɗi a gidan ɗaya, kowa ya ɗauko abin da yake da shi, mai gida kuma ya sa a ɗora tukunya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka suka koya mana tun ba mu san mece ce jinka ba, mu da muka tashi a cikin bulo.

To amma ni akwai abin da na haddace. A takardar kamfani, layi ɗaya ne aka rubuta da jan tawada, mai farar rigar nan kuma sai da ya maimaita mini shi: in ɓarna ta auku, kada a taɓa komai sai mai dubawa ya zo ya gani da idonsa. Sai na tsaya a bakin ƙofata na buɗe hannuwa.

Baba Rabo ya ce, "Kauce mu hau kafin Magariba ta riske mu."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri. An ce kada a taɓa."

"Wa ya ce?"

"Kamfani."

"Shi kamfanin ɗan wace unguwa ne?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, har da ɗaga yatsa. Na ce in aka gyara yanzu babu diyya, in aka bari kuwa kamfani zai biya, watakila ma in zuba siminti a saman in huta da kwano har abada. Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta yi ɓarna, don na manta gaban wanda ya buga kwanon nake tsaye. Ya juya ya ce wa mai tsani ya mayar da tsaninsa gida, ya rataya jakarsa, ya ce, "Allah shi ba da sa'a," suka watse.

Tun daga ranar kujerarsa ba ta sake fitowa ƙofata ba. In mun haɗu a hanyar masallaci zai amsa sallama yadda addini ya ce, ya tambayi iyali, ya wuce. Zagi ko ɗaya bai ƙara shiga tsakaninmu ba. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya dame ni ƙwarai, don shi kaɗai ya rage mini a duniya da yake kirana ɗan nan. Amma na ce wa zuciyata ta yi haƙuri, mai dubawa zai zo gobe ko jibi, a biya ni, in sayi goro in je in ba tsoho baki.

Sai na zama mai gadin rami. Innayatu ta ce a shimfiɗa tamfol kafin a zo, na ce tsaya in tambayo ko tamfol yana cikin taɓawa. Na tambaya a ofis, aka ce tambaya ce mai kyau, za a kai ta sama. Har yau tana saman. Keken ɗinki ya sauko kicin, ya zauna tsakanin risho da buhun shinkafa, matan unguwa suna karɓar rigunansu da ƙamshin albasa. Tantabaru kuwa suka ga ɗaki babu haya suka tare. Wata safiya Innayatu ta ajiye mini shayi ta ce, "Malam, baƙinka na sama sun yi ƙwai. Su ma kada a taɓa, ko?" Na yi kamar ban ji ba.

Yanzu bari in yaba wa kamfani, don ba a san ni da butulci ba. Duk wanda ya shiga ofishinsu a Sultana ya san kuɗinsa bai tafi a banza ba. Ƙasa marmara ce da za ka ga fuskarka a ciki. A tsakiyar zaure akwai wani famfo da ke tsartuwar ruwa sama dare da rana, ba mai sha, ba mai alwala da shi. Fitilun da ke rataye a saman sun isa haska unguwarmu har da maƙwabtanta. Na'urorin sanyaya ɗaki suna aiki ko a tsakiyar sanyi, don kada su manta aikinsu. Shugaban wurin, Mai Girma Garkuwan Kujera, Allah ya ƙara masa lafiya, ban taɓa ganinsa ba, amma na ga motarsa, kuma a zuwan da nake yi na ga ta canja launi da tsawo. Wanda nake gani shi ne mai karɓar takardu, Ranka Ya Daɗe Madakin Hatimi, mutum mai tsafta, wanda in an kira sallah yakan riga kowa rufe taga, in an idar kuma ya tsaya nafilfili har da na maƙwabta.

Mai dubawa kuwa, Sarkin Duba Rufin Talakawa, shi ne abin nema. Kullum na je yanzun nan ya fita. Yau yana Yanbu, gobe yana Jidda, jibi ya tafi umara. Na fara tausaya masa, na ce mutumin nan ko direban babbar mota bai kai shi cin hanya ba. Kafin ya dawo, Madaki ba ya barina in zauna haka nan. Ya sa na kawo hotona, ya ce in kawo hoton gidan kafin iska, wanda ba ni da shi, don ban san akwai mai ɗaukar gidansa hoto yana jiran masifa ba. Ya tambaye ni wanne ya fara shiga ɗakin, ruwa ko iska. Ranar Asabar ɗin da nake ba ku labari ya ɗago kai ya ce, "Ya hajji, ka halarci sallar roƙon ruwa da aka yi kafin hadarin?"

Na ce na halarta mana. Ya ɗaga gira ya rubuta wani abu. Nan take na tuna tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na yi maza na ce masa ni ruwa na roƙa, ban roƙi iska ba, kuma a sahun baya nake. Ya ce madalla, ashe iska ce mai laifi, sai dai kamfani ba shi da labarinta a rubuce. Daga nan ne ya ce in kawo maƙwabta biyu su sa hannu cewa ta taso.

Maƙwabta biyu. Na fito daga ofis ina juya maganar a raina, ina lissafin wanda zan iya tunkara. Da na shigo unguwa bayan La'asar sai na ji ƙarar guduma. Na bi ƙarar har gidan Idrisa mai sayar da tasbaha, wanda katangar bayansa da rumfarsa suka jima da tsagewa tun hadarin. Duk mazan unguwa suna nan, wasu na kwaɓa siminti, wasu na miƙa bulo, Baba Rabo yana sama yana raba umarni da zagi. Gayya ake yi, gida na uku daga nawa, kuma ba wanda ya gaya mini.

Na tuɓe agogo na sa a aljihu, na naɗe hannun riga, na nufi inda ake miƙa bulo. Baba Rabo ya hango ni.

Ya ce, "Idrisa, ga baƙo. Ba shi kujera."

Aka kawo mini kujera mai matashi, aka ajiye ta a inuwa, aka kawo shayi a ƙaramin kofi na baƙi. Na ce, "Baba, aiki na zo yi."

"A'a. Ka zauna, kada ka taɓa komai, sai mai dubawa ya zo."

Wasu suka sunkuyar da kai suna dariya a ciki. Na daure na zauna. Da ya sauko shan ruwa na matsa kusa na rage murya na gaya masa buƙatata, cewa sa hannu kawai zai yi a kan iska ta taso. Ya goge gemunsa ya dube ni.

Ya ce, "Iska? Ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin iska ba. Kwano dai na gani yana tashi sama, amma wanga ba mu sani ba, ko shi ya ga dama ya tafi. Ba ni shaidar abin da ban gani ba."

Na koma kujerata. A unguwar da aka yanka ragon sunana, a gaban mutanen da muka yi wasan ƙasa tare, na zauna da tsabtatattun hannuwa ina kallo suna gumi. An sha yi mini wulaƙanci a ofisoshi, ban taɓa jin wanda ya shige ni kamar wannan karramawar ba. Da aka kawo abinci aka zuba mini nawa daban a faranti, su kuma suka kewaye tire ɗaya.

A gida na ba Innayatu labari ina jiran ta tausaya mini. Ta ci gaba da taka kekenta, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ni tambaya ɗaya gare ni, Malam. Ranar da ta Allah ta kasance a kanka, in aika Sultana su zo su ɗauki makara, ko in ajiye ka sai bukra?"

Duk da haka sai ranar Laraba girman kai ya sake ni. Na samo goro mai kyau wurin wata Hajiya da ta zo da shi daga gida, na shiga wurin Baba Rabo bayan Magariba, na tuɓe takalmi na durƙusa. Yana wasa zartonsa, bai fasa ba. Na ce na yi kuskure, na ce rufin nan shi ya buga shi, shi nake roƙo ya mayar da shi. Ya bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara magana. Sannan ya ɗauki goro ɗaya ya duba, ya jefa a aljihu, ya ce, "Bukra." Ya ci gaba da wasa zarto.

Na fita ban san ko izgili yake mini ba. Ashe bukrar Baba Rabo gobe take nufi. Ranar Alhamis da hantsi tsani ya jingina a bangona, Innayatu da matan maƙwabta suka ɗora tukwane, aka kori tantabaru da ban haƙuri. Ni kuwa aka ba ni aikin da ake ba wanda ake gwadawa, wato miƙa ƙusa da kawo ruwa, ba a yarda na hau sama ba. Na karɓa da godiya. A raina na ce na yafe wa kamfani diyyarsa, har ina jin kaina wani babban mutum. Gaskiya yafe abin da ba ka ga alamarsa ba ba shi da wuya.

Ana cikin aiki wani mutum ya tsaya a bakin ƙofa, riga fara tas, baƙin tabarau, jaka a hannu. Baƙar fata ne kamarmu, bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Ya tambaya da Larabci ko nan ne gidan Ɗanmusa. Baba Rabo ya leƙo daga sama, ya ɗauka cikin 'ya'yan unguwa ne masu zuwa gayya a makare.

Ya ce, "Kai, ɗan wa ne kai?"

Mutumin ya amsa da Larabci cewa shi jikan Ƙaltume ne, ya faɗi unguwarsu.

"Ƙaltume mai fura? Allah shi jiƙanta. To ajiye jakar nan ka kama kwano, rana na yi."

Mutumin ya fara da Larabci, "Ya ammi," wato baffa, "ana..."

"In mun gama ka yi Larabcinka. Kama nan."

Ku da ke gida ba ku san 'ya'yanmu haihuwar nan ba. Ka yi musu Hausa su ji sarai, su amsa maka da Larabci. Sun manta sunan garin kakanninsu, wasu ko tuwo sai da cokali. Amma abu ɗaya bai fita daga jininsu ba: in tsoho mai farin gemu ya daka musu umarni da Hausa, jikinsu yakan tashi kafin bakinsu ya gama shawara. Mutumin nan ya ajiye jaka a gindin bango, ya cire tabarau, ya tattare rigarsa ya ɗaure a ƙugu, ya kama kwano. Sau da yawa ya buɗe baki zai yi magana, sai wani ya miƙo masa katako. Ni kaina, da na ga an samu wanda ya fi ni ƙanƙanta a wurin, na aike shi kanti sayen ƙusa, da ya dawo na yi masa faɗan ya daɗe. Kafin Azahar farar rigar nan ta koma launin tsatsa.

Bayan sallah aka shimfiɗa tabarma aka kawo tuwo da miyar kuka, da shinkafa don yaran zamani. Baƙon namu ya tsallake shinkafa ya zauna gaban tuwo, ya ci har ya yi gumi, ya ce rabonsa da irinsa tun kakarsa tana da rai. Ya wanke hannu, ya jawo jakarsa ya buɗe, ya fito da wani ƙaton fayil. A bangon fayil ɗin hotona ne yake kallona.

Ya ce, rabi Larabci rabi Hausar da ya tono daga ƙasan ciki, "Ya ammi Ɗanmusa, ni ne mai dubawa. Kamfani ya aiko ni."

Idrisa ya tsaya da loma a hannu. Ni kuwa ina kallon Sarkin Duba Rufin Talakawa, wanda na yi ta bin sawunsa daga Yanbu zuwa Jidda, zaune a tabarmata da miyar kuka a gefen gemu, ga shi ɗazu na yi masa faɗa a kan ƙusa.

Yaron kirki ne, ban hana shi ba. Ya dubi sama ya dubi fayil, ya yi ajiyar zuciya. Ya ce doka ta ce abin da aka taɓa ba a biyansa. "Lakin na ci tuwonku, ya ammi. Ku cire abin da kuka buga, ku mayar da shi yadda iska ta bar shi. Ni yau ban zo ba, ban ga komai ba. Ranar Asabar in zo da kyamara, wallahi da kaina zan bi maka takardar har ta fito. Shaidu kuma ga su nan cike da tabarma."

Zan so in ce muku ban ko yi tunani ba, amma ƙarya ba kyau. Na yi. Na ga rufin siminti a idona, na ga duk zirga-zirgar da na yi ba ta tafi a banza ba, na ga ranar da zan shiga wurin Madakin Hatimi ya miƙo mini wani abu ban da bukra. Na ce a raina ai ƙusa ce kawai, a cire yau a mayar wani mako, wa ya mutu?

Sai na dubi Baba Rabo. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauki gudumarsa yana goge ta da gefen rigarsa a hankali, ya buɗe jaka ya saka ta. Bai dube ni ba ya ce, "Ƙusar da munka buga tana cirowa, ba wuya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Sauran mutane suka fara neman takalmansu. Na san in suka fita ƙofar nan yau, za su ci gaba da amsa mini sallama har in mutu, kuma iyakar abin da zan samu ke nan.

Na ce, "Baba, saura kwano nawa?"

Ya ce, "Guda."

Na ce, "To a hau a ƙarasa."

Mai dubawa ya ce, "Ya ammi, in haka ne sai dai in rubuta rufi lafiya lau, babu ɓarna."

Na ce, "Rubuta, ɗana. Ba wanda ya fi ka sani, da kai aka yi."

Baba Rabo ya sake buɗe jakarsa. Sannan ya zaro gudumar, ya miƙo mini ita ta wajen ƙota. Ya ce, "Hau. Rufin ubanka ne, kai za ka buga ƙusar ƙarshe." Ya juya ga mai dubawa ya ce, "Kai kuma jikan Ƙaltume, riƙe mashi tsani, kada shi faɗo shi ja mana wata gayya."

Na hau, ya biyo ni. Na saita ƙusa, na ɗaga guduma da ƙarfin mutumin da ake kallo, na sauke. Ƙusar ta lanƙwashe, gudumar ta samu babban yatsana. Kafin in yi ƙara Baba Rabo ya riga ni.

"Sakarai. Kai ɗan nan, haka ubanka ya koya maka riƙon guduma? Ba ni nan, tuƙin ma ba ka iya ba balle wanga."

Jama'a, na tsugunna a kan kwano mai zafi da yatsa a baki, hawaye na zubo mini, kowa ya ɗauka zafin guduma ne, na kuwa bar su a haka.

Saboda haka kada wanda ya sake cewa a gabana kamfanonin nan ba sa gyara rufi. Nawa sun gyara, ma'aikacinsu ya yi dakon kwano rabin yini, kuma bai caje ni komai ba sai malmala biyu. Mai son shiga ta'amini ya shiga, ban hana shi ba. Ya dai fara bincikawa ko mai dubawarsu yana jin Hausa, sannan ya tabbata akwai tsoho mai farin gemu a unguwarsu.